Baba Tsoho Mai Fentin Jirage, Wanda Ya Tura Wayata Cikin Tafki

Duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwa, abu guda yake faɗa: "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri." Na farko na ce amin. Na biyu ma haka. Da aka kai wajen na goma sai na saci kallon Inna, na ga ta sunkuyar da kai tana cizon gefen mayafi. Ba kuka take yi ba. Ubanta ne, ta fi kowa sanin cewa ranar da aka yi rabon haƙuri, Baba Tsoho yana bakin ruwa yana yi wa wani faɗa.

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Kakana, mahaifin Inna, ya riga mu tafiya bayan jinyar kwana huɗu, kuma a kwana huɗun nan babu wanda ya zo dubiya ya fita ba a gaya masa laifinsa ba.

Masunta sun cika ƙofar gida har kan hanya, don kusan duk jirgin da ke bakin ruwan Wara shi ya yi masa fenti. Wani dattijo Bagunge ya tuƙo kwalekwale tun daga tsibiri, ya zauna a tabarma har aka shafa addu'a sau uku. Can sai ya nisa ya ce, "To yanzu wa za ya yi mani jirgi?" Kawu, ƙanen Inna, ya harare shi. Ni kuwa a duk gaisuwar da aka yi, ita ce kaɗai na san Baba Tsoho zai karɓa. Bafulatanar da ke kawo nono ta shigo ɗakin Kaka, matarsa, tana sharɓar kuka, ta ce shekara da shekaru bai taɓa sayen nononta ba sai ya ce ta zuba masa rabin tafkin Kainji a ciki, kuma bai taɓa sayen na wata ba. Wani Bakambare ya gangaro daga kan tudu a kan babur, ya ce Baba Tsoho ne ya yi masu fentin ƙofar coci, yana yi yana gaya masu launin da suka zaɓa ko akuya ba za ta shiga ɗaki mai irinsa ba. Da ya gama kuma ya ƙi karɓar komai sai doya biyu.

Masu gaisuwar da suka fi ba ni ciwon kai ba su zo gida ba, a cikin wayata suke. Sana'ata zanen barkwanci ce, wato katun. Tun da na gama sakandare nake zana labari a waya ina ɗorawa a shafina na intanet, kuma jarumin labarin wani tsoho ne mai tumbi da doguwar hula da masifa, wanda mabiyana suka sani da Tsohon Bakin Ruwa. Kowa a Wara ya san ko wane ne. Mutanen nesa ba su sani ba. Da na rubuta cewa Tsohon Bakin Ruwa ya rasu, sai saƙonni suka yi ta shigowa: "Haba Anti, don Allah kada ki kashe shi." "Ki ce mafarki ne." Wani ya rubuta, "In kika kashe tsohon nan na daina bin ki." Ina zaune a tsakiyar mata, gawa ba ta daɗe da fita ba, wani yana yi mini barazana daga Kaduna. Na so in ba shi amsa da abin da ya dace da shi, amma yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.

Yatsun nan su ne damuwata, kuma ba zan iya ba da labarin Baba Tsoho ba tare da su ba. Da wannan hannu nake ci. Masu shaguna suna biyana in sa shagonsu a bayan Tsohon Bakin Ruwa, masu aure suna aiko hoto in zana su a katin gayyata, wasu mabiya kuma suna ɗan turo abin sayen data duk wata. Ba arziki ba ne, amma ban taɓa tambayar Inna kuɗin sabulu ba. Sai wuyan hannuna na dama ya fara zafi, daga baya babban yatsa da manuni suka riƙa mutuwa kamar ba nawa ba. Wani likita a Yelwa ya lanƙwasa hannun nan, na yi ƙara, ya ce in huta, in ba haka ba wata rana ko cokali sai an riƙe mini. Na ce masa, "Likita, in na huta kai za ka ciyar da ni?" Ya ce shi dai ya faɗa.

Baba Tsoho bai iya karatun boko ba, amma hoto ba ya wuce shi. Ranar da wani mai cajin waya ya nuna masa katun ɗina na farko, har gida ya biyo ni da sandarsa.

"Ke amarya! Hito nan!"

Haka yake kirana tun ina goye, irin wasan kaka da jika. Ni kuma in ce ba na auren wanda ya girmi madatsar ruwan Kainji.

"Wanga tumbi na wa ne?"

"Na wani tsoho ne, Baba. Ba ka san shi ba."

"Ban san shi ba, kuma hulata na bisa kainai? Ke, ni ka ganin cikina kullum, ba haka yake ba. Ki rage shi."

Ban rage ba. A fitowa ta gaba ma ƙarawa na yi. Ya yi kwana tara ba ya amsa gaisuwata. In na durƙusa na ce ina kwana, sai ya juya ya ce wa Kaka, "Gaya wa baƙuwarki lahiya lau." Ranar ta goma sai ga shi ya aiko Kaka da tambaya: wai me ya sa makon nan tsohon bai fito ba, ko ba shi da lafiya ne?

Yana da ɗabi'un da ba sa gyaruwa. In zai gwada launi, a cinyar wandonsa yake shafawa, har wandon aikinsa ya kai in an cire shi yana iya tsayuwa da ƙafarsa. Kaka ta taɓa jefa shi a murhun banda, wandon ya ƙi ci, sai wari, kifin ranar duka ya tashi da ƙanshin fenti. Ba ya yarda mai jirgi ya zaɓi launi. In mutum ya ce kore yake so, sai ya ce, "Kore cikin ruwa, gefen ciyawa? Ɓuya za ka yi? Ka ci bashin wani?" Kuma ba ya taɓa cewa aiki ya yi kyau a kan tudu. In ya gama, sai a tura jirgi cikin ruwa, mai shi ya tuƙa ya yi nisa, shi kuma ya tsaya a gaɓa ya dafa ƙugu ya ƙanƙance ido. Daga nan yake yanke hukunci. Sau da yawa zai ɗaga murya ya ce, "Komo! Ban gan ka ba!" A fito da jirgi, a jira ya bushe, ya sake.

Faɗansa mafi tsawo da Kawu ne. Kawu ya je birni ya dawo da dabarar sitika, irin wadda ake bugawa da inji a manna, ya ce aikin kwana uku zai koma na minti goma. Baba Tsoho bai hana shi ba. Ya bari ya manna wa wani jirgi damisa mai buɗe baki, kyakkyawa da ita. Ba a yi wata biyu ba ruwa ya ɗaye rabinta, ya bar bakin da wutsiya. Tun daga ranar, in Kawu ya shigo gida sai ya ce, "Sannu da zuwa, mai rabin damisa." Har a gadon jinya da wannan suna ya kira shi ya ce ya gyara masa matashi. Kawu shi ya fi kowa kuka a maƙabarta, in ji maza.

Alherinsa kuwa a ɓoye yake yinsa, kamar abin kunya. Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata kwalekwale da ya fara shan ruwa. Ta wayi gari ta same shi an toshe, an yi masa fenti ja da fari. Da ta zo godiya ya ce shi bai san zancen ba, kuma duk wanda ya yi aikin nan hannunsa na rawa, ya ji kunya.

Hannun nasa kuwa da gaske rawa yake yi. Ni ban san shi da wani hannu ba. Sai bayan da nawa ya fara ciwo Kaka ta ba ni labarin cewa a da, shi ne mai zanen furanni ƙanana da tsuntsaye masu gashi ɗaya-ɗaya a jikin jirgi, har daga Shanga ake kawo masa aiki. Da rawar ta kama shi, tsuntsu ya koma fitowa kamar an taka shi. Sai ya ajiye ƙananan burushi, ya ɗaura babba a sanda, ya koma manyan layuka da ƙaton kifi guda ko tauraro guda. Mutane suka ce ya tsufa, ya zama malalaci, suka koma wajen wani. Damina biyu, in ji Kaka, da kifin bandarta aka ci tuwo a gidan, kuma ko a lokacin bai fasa cewa miya ba gishiri ba. Abin da ya dawo masa da kasuwa matan masunta ne. Su suka lura cewa jirgin da ya yi wa fenti tun yana ɗan ɗigo a kan ruwa suke gane na mijinsu ne, su ɗora tukunya. Mai furanni kuwa sai ya iso gaɓa ake sanin ko na wane ne. Mace ɗaya ta ce wa mijinta ya koma wajen tsoho, saura suka bi.

Ni ban ɗauki darasin komai daga labarin ba. Na ce Allah sarki, na koma ɗaki na ci gaba da abin da nake yi.

A lokacin, zanena irin mai cinye rai ne. Gemun Tsohon Bakin Ruwa gashi ɗaya-ɗaya nake ja. Aikin hularsa, ɓawon kifi, igiyar ruwa, har ƙudan da ke kan tire. Shafi ɗaya kwana uku. Da hannu ya ƙi, dole ta sa na gwada wani salo: layi mai kauri, launi biyu, gemu dunƙule guda kamar an manna auduga. Na ɗora. Kafin la'asar an wanke ni tas. "Anti ko ƙanwarki ce ta zana?" "Wannan ai zanen 'yan firamare ne." Wani mai shagon atamfa ya kira ya ce shi fa saboda ana ganin zanen atamfarsa dalla-dalla yake biya, in haka za a koma to a cire shi.

Washegari da hantsi na gangara bakin ruwa na same shi a gindin bishiyar da yake aiki, yana kankare wani jirgi. Na haɗa zanen biyu a fuska ɗaya, tsohon salo a hagu, sabo a dama, na miƙa masa. Ba shawara na je nema ba. So nake wani ya zagi mabiyana, kuma duk ƙasar Ngaski babu wanda ya kai shi iya wannan.

Ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar an ba shi kunama. Ya kai ta kusa da hanci, ya janye.

"Ƙara mata wuta."

Ni da wautata na ƙara hasken har ƙarshe na mayar masa.

Sai ya jawo ƙwaryar da ake kwalfe ruwan jirgi da ita, ya nannaɗe tsumma a ciki, ya jingina wayar tana kallonmu. Har zuwa nan ina tsammanin wurin ajiya yake gyara mata. Ya sunkuya, ya ɗora ƙwaryar a kan ruwa, ya sa sandar tuƙi ya tunkuɗa ta.

Wayar da na yi shekara biyu ina tara kuɗinta. Duk zanena na ciki, da hotunan amare uku da ban gama ba.

"Baba! Ka haukace ne?"

Na zabura, ya tare ni da sandar a ƙirji. Hannun da ke rawa, amma a lokacin nan ko motsi bai yi ba.

"Tsaya nan. Gaya mani mi kinka gani."

"Wayata nake gani za ta nutse!"

"Ƙwarya ba ta nutsewa, uwarki ma cikin ƙwarya anka yi mata wanka. Duba hagu. Mi ag ga nan?"

Matan da ke wanki a gefe sun bar wanki sun miƙe. Ɗaya ta ce, "Yau amarya ta ga sadaki ya bi ruwa." Suka kwashe da dariya. Na duba, don na ga ba zai sake ni ba sai na duba. Na hagun, mai gemu gashi ɗaya-ɗaya, ya zama wani toka-toka kamar kashin kaza a kan dutse. Na daman kuwa ga hula, ga tumbi, ga sanda a ɗage.

"Na dama nake gani," na ce. "Sake ni."

"Wane ne?"

"Kai ne!"

"Tumbin dai ba nawa ba ne. Amma ni ne."

Daidai nan wani jirgi mai inji ya wuce can ciki, igiyar ruwansa ta taho. Ƙwarya ta hau, ta sauka, ta juya mana baya ta kama hanyar tsakiyar tafki. Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, da hijabi da takalmi da komai. Ruwa har ƙirji, laka ta cinye mini takalmi ɗaya, na cafko ƙwaryar na ɗaga sama kamar mai kai gara. Na fito ina ɗiga, ina huci, na ce masa, "Wa ya gaya maka ana karanta katun daga tsakiyar tafki? A hannu ake riƙe waya, a hannu!"

Ya ci gaba da kankare jirginsa.

"Ina ganinku ai. Kowa da yatsa, shuu, shuu, shuu, awa mai koran ƙuda. Ni wurina jirgi ka tahiya, ke wurinki ido ka tahiya. Wa ka tsayawa ƙidayar gemu? Kin kashe hannunki wurin abin da ba mai gani sai ke." Ya ɗaga nasa hannun yana karkarwa a gaban fuskata. "Wanga bai yi shawara da ni ba. Naki ko har yanzu roƙonki yakai."

Na ce ya biya ni takalmina. Ya ce in je in tambayi tarwaɗa.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba: abin bai zama alheri nan take ba. Na tsaya a kan sabon salon, mai atamfa ya tafi, wani mai shagon ma ya bi shi, mabiya da dama suka watse. Wata biyu Inna ce ke saya mini data, tana yi tana tuna mini cewa 'yar maƙwabta ɗinki ta koya. Daga baya wasu sababbi suka zo, waɗanda ba su san tsohon gemu ba balle su yi kewarsa. Abin da nake samu bai koma kamar da ba har yau. Amma shafin kwana uku ya koma na yini ɗaya, kuma na daina tashi da hannu kamar na aro. Sai dai ni ma jikarsa ce, ba na jin magana: da na ga sauƙi sai na ninka yawan shafukan, ciwon ya dawo yana leƙe.

Bayan addu'ar bakwai, da mabiyana suka gane mutuwar gaske ce, sai suka juya roƙo. A zana shi sau ɗaya a tsohon salo, cikakke, don girmamawa. Har mai atamfa ya kira ya yi gaisuwa, ya ce in na yi shi zai buga ƙato ya rataye a shago, mu koma harka. Na ce to. A raina ma na ga ya cancanta: mutum ya mutu, a ce layi bakwai za a yi masa?

Kwana biyu ina jan gemu. A na uku wuyan hannuna ya kumbura, na ɗauki ludayin koko ya suɓuce a kan tabarmar baƙi. Inna ta dube ni, ta ɗauko tsumma. Na koma ɗaki na goge zanen gaba ɗaya. Na ɗaure hannun, na ja hula, na ja gemu dunƙule, na ja sanda, na ja wandon nan mai tsayuwa da kansa. Tumbin na rage masa kaɗan. Ko minti ashirin ban yi ba.

Kafin in ɗora sai na ce bari in nuna wa Kaka. Tana ɗakinta cikin takaba, ta rame, carbi a hannu. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

"Wa aw wanga?"

"Kaka, ba ki gane shi ba?"

"Bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Kunnuwanai ba haka suke ba. Kuma wa yac ce ki rage mashi ciki? Ni nad dafa abin da yac cika shi, shekara hamsin, ki zo ki rage?"

"Kawo in gyara."

Na miƙa hannu. Ta kalli hannun da ɗaurinsa, ta kalli wayar. Sai ta kwance bakin zaninta, ta sa wayar a ciki, ta ƙulle tam, ta mayar ƙugu ta zauna a kai rabi.

"Kaka, aiki zan yi da ita. Mutane na jira."

"Su jira. Ni ma jira nikai."

Na kai ƙara wajen Inna, ta ce ita ba ta shiga tsakanin mace da mijinta. Kawu ya ce ko da kuɗi ba zai taɓa ƙullin zanin mai takaba ba. Sau ɗaya a yini take kwancewa, ta ba Kawu ya kai caji ya dawo mata da ita hannu da hannu, ta sa ya buɗe mata hoton, ta yi masa faɗan kunnuwa, ta mayar.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Mai atamfa na can yana jira, mabiya ban san me suke cewa ba. Wannan rubutun ma a littafin makaranta nake yinsa, da hannun hagu, shi ya sa ya ɗauke ni mako guda. Na daman yana kan cinyata, kumburin ya saɓe, jiya har na matse lemo da shi.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa faɗan da ya yi da gaskiya da wanda ya yi don nishaɗi, ya sa kabarinsa ya fi bakin ruwa sanyi. Ɗazu na leƙa na tambayi Kaka yaushe za ta ba ni wayata. Ta ce takaba wata huɗu da kwana goma ce, in je in ƙirga.